WANDA YA GAJI SUNA YA GAJI BASHI: Alƙali Hastings da Jinin Mutanen Yuki

Jama'a, a yi haƙuri da tsawon rubutun nan. Wanda ba shi da lokacin karantawa ya wuce abinsa, amma don Allah kada ya karanta kan magana kawai ya sauko ƙasa yana yi mini tafsiri.

Duk lokacin da labari ya zo cewa an cire sunan wani daga wata makaranta a Amurka, ko an sauke gunkin wani a Ingila, sai ka ga wasu daga cikinmu sun taso da kumfar baki: wai ana goge tarihi, wai mutanen da ba a auna su da mudun yau, wai abin da ya wuce ya wuce. Ni dai a ganina yawancin masu wannan magana ba su san yadda aka rubuta tarihin da suke karewa ba, ba su san wa ya biya kuɗin rubuta shi ba, ba su kuma san sunan wa aka bari a waje ba. Bari in ɗauki mutum ɗaya mu bi shi daki-daki, sai kowa ya yi wa kansa alƙalanci.

Sunansa Serranus Clinton Hastings. An haife shi a 1814 a gabashin Amurka. Ya karanci shari'a, ya bi ayarin Turawa 'yan kama-wuri-zauna da ke ta kwarara yamma, ya sauka a Iowa a 1837. A 1839 da rikicin kan iyaka ya tashi tsakanin Iowa da Missouri ya samu muƙamin manjo a rundunar sa-kai. A 1846 ya zama ɗaya daga cikin 'yan majalisar tarayya na farko daga jihar Iowa, a 1848 ya zama alƙalin alƙalanta. Da aka gano zinariya a Kalifoniya ya tattara ya nufi can a 1849, ya zama alƙalin alƙalai na farko a tarihin jihar, daga baya ya zama antoni-janar. Ya tara filaye da dukiya. A 1878 ya ba jihar dala 100,000 aka kafa makarantar koyon aikin lauya a San Faransisko da sunansa. Ya mutu a 1893. Makarantar ta yaye alƙalai da 'yan siyasa ba iyaka, cikinsu har da Kamala Harris, wadda ta gama a 1989.

Wannan shi ne Hastings na bangon makaranta da littafin zuriya. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Matsalar tana cikin abin da aka tsallake.

Kafin in faɗi abin da aka tsallake, ya kamata a san yadda irin wannan tarihi ya samo asali. A 1876, da Amurka ta cika shekara ɗari da samun 'yanci, majalisar ƙasa da shugaba Grant suka yi kira ga kowace gunduma da kowane gari su rubuta tarihinsu. Kamfanonin ɗab'i suka ga kasuwa ta buɗe. Sai su aika wakilai gida-gida: ka yi alkawarin sayen littafi a saka tarihin rayuwarka a ciki, ka ƙara kuɗi a saka hotonka, ka ƙara a zana gidanka da gonarka. Mai gida shi zai ba da labarin kansa. Haka aka cika manyan littattafai da Kanar wane, Manjo wane, Alƙali wane, wanda ya zo ya tarar da daji ya mai da shi gari. Mu da muka san maroƙi ai ba sai an yi mana bayani ba. Maroƙi ba lallai ya yi maka ƙarya ba, sai dai ya san inda zai tsaya, domin ya san aljihun da kuɗin zai fito. To waɗannan littattafai su ne har yau masu binciken salsala a Amurka ke buɗewa idan suna neman kakanninsu. Suna da amfani, akwai sunaye da shekaru da aure da haihuwa a ciki. Amma wanda ya ɗauki kirari a matsayin shaidar kotu shi ya yaudari kansa.

Yanzu ga abin da aka tsallake.

A arewacin Kalifoniya, cikin gundumar Mendocino, akwai kwaruruka biyu, Round Valley da Eden Valley. Ƙasar mutanen Yuki ce, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. Turawa sun fara shiga Round Valley a 1854. Cikin 'yan shekaru Hastings ya mallaki Eden Valley ya zuba shanu da dawaki. Abokin hulɗarsa a wannan harka shi ne Thomas Henley, wanda ya riƙe muƙamin babban jami'in gwamnatin tarayya mai kula da harkokin 'yan asalin ƙasar a Kalifoniya. Ku lura da kyau: wanda aka ba amanar kare su, shi ne abokin kasuwancin wanda ya zauna musu a kan ƙasa. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Mutanen Yuki ba makiyaya ba ne. Abincinsu 'ya'yan itatuwa ne da tsabar ciyayi da saiwoyi da kifi da naman daji. Dabbobin baƙi suka cinye ciyayin, aka kore su daga wuraren da suke neman abinci, yunwa ta kama su. Mai jin yunwa ya ga saniya a ƙasar kakanninsa, me kuke zato zai yi? Suka fara yanka dabbobi. Sai aka ce ɓarayi ne.

Hastings yana da mai kula masa da dabbobi, sunansa H. L. Hall. Da aka kashe wani ingarman doki mai tsada, Hall ya tara mutane suka shiga farautar mutanen Yuki. Ba wani maƙiyinsa ne ya ƙaga masa wannan ba. Shi da bakinsa, bisa rantsuwa a 1860, ya amsa cewa a irin waɗannan fita an kashe mata, an kashe jarirai.

Hastings bai tsaya nan ba. A 1859 ya yi amfani da girmansa da sanayyarsa ya matsa wa gwamna John Weller lamba a kafa rundunar sa-kai, ya goyi bayan a ba wani mai suna Walter Jarboe shugabancinta, ya kuma ɗauki nauyin tsaya musu kan kuɗin guzuri kafin gwamnati ta biya. Aka kira su Eel River Rangers. Sun fara aiki tun kafin takarda ta fito, gwamna ya ba su izini a hukumance a watan Satumba, aka rushe su a Janairun 1860. A rahoton da Jarboe ya rubuta da hannunsa ya ce sun yi arangama sau 23, sun kashe mutum 283, sun kama 292. Wannan lissafin wanda ya yi kisan ne fa, kuma maza mayaƙa kawai ya ce ya ƙirga. Sannan ya miƙa wa jiha takardar neman biya ta sama da dala 11,000, majalisar dokoki ta amince ta biya sama da dala 9,000. Wato an yi kisa, an rubuta rasit, baitulmali ya biya.

Mutanen Yuki da ake ƙirga su da dubbai a 1854, kafin shekara goma ta cika sun koma 'yan ɗaruruwa. A faɗin Kalifoniya kuwa, masanin tarihi Benjamin Madley ya nuna cewa 'yan asalin ƙasar sun ragu daga kimanin 150,000 a 1846 zuwa kimanin 30,000 a 1873. Cuta da yunwa da kora sun ci da yawa, amma dubbai da harsashi aka kashe su.

Kada wani ya ce ai wannan aikin 'yan iskan daji ne da doka ba ta kai gare su ba. Doka ce ta share musu hanya. A 1850 majalisar Kalifoniya ta yi wata doka da ta sa wa suna dokar kula da Indiyawa da kare su. Wannan dokar ta ba Bature damar ɗaukar yaransu ya riƙe suna yi masa bauta, ta kuma hana a kama Bature da laifi bisa shaidar ɗan asalin ƙasar. Ka kashe mutum a gaban danginsa ɗari, babu ɗaya da kotu za ta saurara. A 1851 gwamnan jihar na farko, Peter Burnett, wanda shi ma lauya ne, ya tsaya gaban majalisa ya ce a sa ran yaƙin ƙare-dangi zai ci gaba har sai Indiyawa sun ƙare. Tsakanin 1851 da 1852 wakilan gwamnatin tarayya sun ƙulla yarjejeniyoyi 18 da ƙabilun Kalifoniya, majalisar dattawa ta ƙi amincewa da ko ɗaya, aka kulle takardun ba a bayyana su ba sai 1905. Shi ya sa idan ka duba tarihin yankunan nan sai ka ga mutum ɗaya da hula uku: shi ne mai fili, shi ne lauya ko alƙali, shi ne manjo ko kanar na 'yan sa-kai. Ya ƙwace da hannun dama, ya halatta da hannun hagu.

To mu zo kan hujjojin masu kare shi.

Ta farko, wai kada a auna mutanen da da mudun yau. Na yarda, mu auna shi da mudun zamaninsa. A lokacin da ake wannan kisa akwai sojojin gwamnatin tarayya a Round Valley. Hafsansu, Laftanar Edward Dillon, ya yi ta rubuta wa manyansa cewa Turawan ne masu tsokana, mutanen Yuki su ake zalunta. Bature ne, soja ne, ɗan zamanin ne. A 1860 majalisar dokokin jihar ta kafa kwamitin bincike, aka je aka karɓi shaidu bisa rantsuwa, har da ta Hastings kansa. Masu rinjaye a kwamitin suka ce ba za su girmama abin da ya faru da sunan yaƙi ba, domin yanka ne aka yi wa mutanen da ba su iya kare kansu. Jaridun San Faransisko na lokacin sun yi tir da abin. Ashe ke nan a 1860 ma an san kashe jariri laifi ne. Haba jama'a, wane zamani ne aka taɓa yi da ɗan Adam bai san haka ba? Kuma idan ana maganar mutanen zamanin, su Yuki ba mutanen zamanin ba ne? Ko su ba a tambayar ra'ayinsu?

Ta biyu, wai babu shaidar cewa Hastings ya harbi kowa da hannunsa, kuma shi ya ce kariya ya nema wa dukiyarsa, bai san ta'asar da ake yi ba. Gaskiya ne ba a ce ya ɗana kunamar bindiga ba. Amma yaushe manya suka taɓa yin irin wannan aiki da hannunsu? Yaronka ne ya fara, kai ka nemi a kafa rundunar, kai ka tsaya wa shugabanta, kai ka tsaya kan kuɗinta, kwarin da aka share kuma dabbobinka ne ke kiwo a ciki. Sannan kai ba baƙauye ba ne da za a ce bai san doka ba, kai ne tsohon alƙalin alƙalai na jihohi biyu. Da a ce wani talaka aka kawo gabansa da irin wannan jerin hujjoji, wallahi da bai sallame shi ba. Masanin tarihi Brendan Lindsay, wanda makarantar da kanta ta ɗauka ya yi mata bincike, ya kammala da cewa Hastings na da babban alhaki a abin da ya faru.

A kan wannan bincike da matsin lambar da ta biyo baya ne hukumar makarantar ta yanke a Nuwamban 2021 cewa za a cire sunan. Gwamna Gavin Newsom, wanda tun a 2019 ya nemi afuwar 'yan asalin jihar ya kuma kira abin da aka yi musu kisan ƙare-dangi, ya sa hannu a dokar a Satumban 2022. Daga farkon 2023 makarantar ta koma amsa sunan Jami'ar Kalifoniya da birnin San Faransisko kawai.

Nan ne fa zancen zuriya ya shigo, kuma nan ne abin ya fi ba ni haushi. Wasu daga cikin jikokin jikokin Hastings, tare da wasu tsofaffin ɗalibai, suka garzaya kotu. Hujjarsu ita ce dokar 1878 ta ce makarantar za ta ci gaba da amsa sunansa har abada, ta ware wa zuriyarsa kujera a hukumar gudanarwa, ta kuma ce idan makarantar ta gushe a mayar wa magada kuɗinsa da ruwa. Suka ce ko a dawo da suna, ko a biya su. Dala 100,000 da ruwan kashi bakwai cikin ɗari yana hawa kan kansa shekara 144, lissafi ya kai wajen dala biliyan 1.7. A 2024 kotu a San Faransisko ta yi watsi da ƙarar, ta ce abin da aka yi a 1878 doka ce da majalisa ke da ikon sauyawa.

Ku fahimce ni da kyau. Ban ce jika ya ɗauki zunubin kaka ba. Addininmu ma bai yarda da haka ba, kowa da nasa kayan zai tashi. Da sun yi shiru sun ci gaba da rayuwarsu babu mai cewa da su uffan. Amma su suka fito suka ce mu ne magada, a ba mu haƙƙinmu na gado. To mu a wajenmu yaro ma ya san ƙa'ida: ba a raba gado sai an biya bashin mamaci. Ba zai yiwu ka iya lissafin ruwan kuɗin kakanka na shekara 144 har zuwa kwabo ba, sannan da an ambaci mutum 283 ka ce ai wannan tsohon zance ne. Shekarar 1878 ba ta tsufa ba amma 1859 ta tsufa? Tsakaninsu shekara goma sha tara ce kacal. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ta uku, wai ana goge tarihi. Wane tarihi aka goge? Hukunce-hukuncen Hastings suna nan a kundin kotu. Hotunansa suna nan. Yau an fi sanin ko shi wane ne fiye da shekara hamsin da suka wuce, lokacin da dubban ɗalibai suka shiga suka fita ba su taɓa jin sunan Eden Valley ba. Sunan da ke kan ƙofar makaranta karramawa ce, kuma karramawa wanda ya ba da ita yana iya janye ta. In dai gogewa ake nema, a je a tambayi mutanen Yuki. Zuriyar Hastings za su iya jero maka kakanninsu da suna da ranar haihuwa da ranar aure. Mutum 283 na rahoton Jarboe fa? Adadi ne kawai, babu suna, babu kabari, babu wanda ya rubuta ɗan wane ne. Yaran da aka kwashe aka kai gidajen Turawa an sauya musu suna, da yawa salsalarsu ta yanke daga nan. Harshensu ma ya mutu. Wannan ita ce gogewa ta gaskiya, kuma ban taɓa jin masu kukan ana goge tarihi sun zubar mata da hawaye ko ɗigo ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka ina tafa wa makarantar. Sun shafe sama da shekara 140 suna cin moriyar sunan. Shaidun 1860 ba a ɓoye suke ba, suna cikin takardun majalisar jihar, a makarantar da aikinta shi ne koyar da karanta shaida. Ko bayan binciken da suka sa aka yi, da farko cewa suka yi a bar sunan, sai da jaridu suka yi musu ca sannan suka juya. Wasu daga cikin zuriyar Yuki sun nemi a sa wa makarantar suna da harshensu, ba a yi ba. Sauya allon ƙofa abu ne mai araha. Jikokin waɗanda suka tsira suna nan a Round Valley har gobe, kuma mafi yawan ƙasar kakanninsu tana hannun wasu. In an tsaya a kan suna kawai, to an yi wanka ne an mai da tsofaffin kaya.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne wannan. Neman asali abu ne mai kyau, kuma babu laifi mutum ya yi alfahari da kakansa. Amma duk wanda ya zauna zai rubuta tarihin gidansu ko na garinsu, a ko'ina yake a duniya, akwai tambayoyin da bai kamata ya tsallake ba. In an ce kaka shi ya kafa gari, wa ya tarar a wurin, kuma ina suka tafi? In an ce jarumi ne, a kan wa ya yi jarumtar? In an ce ya tara dukiya, da gumin wa? Wani lokaci amsar za ta faranta maka rai, wani lokaci za ta hana ka barci. Ka rubuta duka biyun. Akwai Amurkawa da yawa a yau da suka bi salsalarsu suka tarar da sunan kakansu a jerin 'yan sa-kai ko a takardar cinikin bayi, suka fito suka faɗa, kuma ba su ragu da komai ba. Wanda ya ɓoye kuwa, ya sani takarda ba ta mantuwa. Jarboe da ya rubuta 283 neman biya yake yi, bai san shaida yake ajiye wa jikokin waɗanda ya kashe ba.

Mai ganin na zalunci Alƙali Hastings, bismillah, fili a buɗe yake. Sai dai ya zo da hujja, kuma ya fara da amsa mini tambaya ɗaya: da kakarsa ce a cikin kwarin nan a 1859, zai yarda ɗansa ya karɓi takardar shaidar zama lauya da sunan mutumin nan a samanta?

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan namu ne.